Kunyar Suruki Ta Ci Mini Ƙafa

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. A lokacin da abin nan ya same ni, ni direban kamyo ne, wato babbar mota, ina ɗaukar siminti daga Malbaza ina kai shi duk inda mai mota ya ce, yau Tawa, gobe Maraɗi, jibi Yamai. Shekarata talatin da ƴan kai, da mata ɗaya da ƴaƴa uku, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. A inda direbobi ke jiran lodi ni ne sarkin surutu. In ana gardama muryata ce a sama, in an sauke shayi ni ke fara miƙa hannu. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa kwanciya likita ba, har dariya nake wa abokan aikina masu yawo da ƙullin magani a aljihu. Mutum ɗaya ne tak a duniya da in na gan shi bakina ke mutuwa, shi ne surukina, mahaifin matata. Ba tsoronsa nake ji ba, don bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kunya ce irin wadda aka raine mu da ita, wadda ba ka haɗa ido da suruki, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kama sunansa, balle ka musa masa magana.

Baba, haka nake kiransa, mai ɗori ne na gado a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Karaya da targaɗe da gocewar ƙashi duk ana kai masa, har daga wajen Illela. Bayan ɗori kuma yana gyaran baya. Zai kwantar da mutum rub da ciki a kan tabarma, ya shafa masa man shanu, ya bi ƙashin baya da babban yatsa gaɓa bayan gaɓa, in ya zo inda yake nema sai ya haɗa tafin hannu biyu ya danna har a ji ƙas. Masu lodin buhu da manoma da direbobi da yawa sun tashi daga tabarmar nan suna sa masa albarka, na gani da idona. Amma Baba yana da ƙa'ida, kuma kowa ya san ta. Zama uku yake ba mutum. In an yi na uku babu sauƙi, sai ya ce a tafi likita. Kafin ya taɓa kowa kuma sai ya tambaya ko akwai zazzaɓi ko rama, don yakan ce ƙashin da ke tafe da zafin jiki ba nasa ba ne. Ni kuwa na mai da kaina mai shelarsa. Duk direban da ya dafa ƙugu sai in ce ya bar ɓata lokaci, ya je wajen surukina, hannunsa ya fi allura goma.

Ciwon ya fara mini ne a ƙarshen damina, a tsakiyar baya, ɗan sama da ƙugu. Na ɗora laifin a kan kujerar mota da ramukan hanya, na yi makonni ina cijewa, sai matata ta aika wa gidansu. Ranar Juma'a na je. Kamar kullum, tun daga bakin darni na cire takalmi, na taka har zaure, na durƙusa daga nesa kaina a ƙasa na gaishe shi. Ya ce in kwanta, ya bi bayan, ya ce wata gaɓa ce ta ɗan goce saboda zaman mota, ya danna. Wallahi na ji daɗi. Na tashi kamar an sauke mini buhu daga kafaɗa, na yi kwana biyu ina barci har da minshari. Washegari ina isa wurin lodi na buɗe baki, na ce ga shi an gyara ni a zama ɗaya, duk mai shakka ya zo ya gani.

A kwana na uku ciwon ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Da la'asar ta yi sai jikina ya ɗau zafi, da safe in tarar da rigar barci ta jiƙe sharkaf da gumi, tuwon da nake tashi da malmala uku ya koma ina tsakura ina turewa. Na koma zama na biyu, na samu sauƙin kwana biyu, ya sake dawowa. Ranar zama na uku zauren cike yake da mutane, har da direbobi biyu da ni na turo su. Baba ya tambaye ni yaya jikin. Na san ƙa'idarsa, na san abin da zai biyo baya in na faɗi gaskiya. Zai ce in tafi likita, a gaban kowa, kuma kafin magariba labari ya zaga ƙauyen cewa hannun tsoho ya kasa a kan mijin ɗiyarsa. Sai na ji bakina ya ce da sauƙi. Kowa ya san mu Hausawa ko mutum na kan gargara in an gaishe shi da jiki da sauƙi zai ce, amma Baba ba gaisuwa yake yi ba, aiki yake yi, shi ya sa ya sake tambaya. Ya ce akwai zazzaɓi? Na ce babu. Ya ce ina cin abinci? Na ce ina ci sosai. Ya yi hamdala, ya ce tunda ana samun sauƙi sai mu ci gaba har gaɓar ta zauna. Da bakina na rufe wa kaina ƙofa a ranar.

Daga nan kowace Juma'a ta zama mini ranar hukunci. Tunda na ce da sauƙi makon jiya, ba ni da bakin cewa babu sauƙi wannan makon, sai dai in ƙara a kan ƙaryar. In na yi tunanin zuwa likita a ɓoye, sai in tuna ba inda zan shiga, Malbaza ko Ƙwanni, da ba zan ci karo da wanda ya san Baba ba, kuma labarin zai riga ni isa ƙauye. Ga kuma tsoron mai mota, don in ya ji an ce bayan direbansa ya lalace, makullin zai karɓa ya ba wani; masu jiran kujerar sun fi a ƙirga. Gaba kura, baya sayaki. Sai na koma wa masu yawo da magani a tire, ni da nake wa mutane dariya, ina haɗiyar ja da fari don in iya riƙe sitiyari. Ana nan sai wani ƙullutu ya fito a daidai wurin ciwon, kamar ƙwallon goruba a ƙarƙashin fata. Baba ya daɗe yana shafa shi. Ya ce shi dai tun da ya gaji aikin nan bai ga ƙashi mai taurin kai irin wannan ba, ya sake tambayata ko na tabbata babu zazzaɓi. Na ce na tabbata. Ya danna, na ga wuta a idona, na cusa fuska a tabarma na ciji hannun rigata don kada ya ji nishina. Da na tashi na yi masa godiya.

Matata ta san komai, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ke wanke rigunan gumin, ita ta huda wa bel ɗina sabon rami har sau biyu. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta ce mu je likita ko don yaran nan. Na ce ta bar ni, na san abin da nake yi. Da ta ce za ta gaya wa mahaifinta, na yi mata tsawar da har yau nake jin kunyarta, na ce in ta kuskura ba da yawuna ba. Gaskiyar magana ko ban hana ta ba da wuya ta iya. Ita ce ɗiyarsa ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, ita ma ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, balle a kan jikin mijinta. Da mahaifiyarta na da rai da ta nan maganar za ta bi, to Allah ya yi mata rasuwa tun kafin aurenmu. Haka muka zauna, mutum uku a kan magana ɗaya, ba mai iya gaya wa wani. Wata safiya tana miƙo mini kunu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ta lura na fi tsoron idon babanta a kan maraicin ƴaƴana. Na ɗau makulli na fita.

Wajen wata na biyar abin ya sauka ƙafafu. Da farko kamar tururuwa na bi na, daga baya suka yi nauyi, musamman ta dama, in na hau mota sai na kama ƙofa da hannu biyu na ja jikina. Wata rana da hantsi na taso da cikakken lodi, na iso Tsarnawa inda masu albasa ke jere a bakin hanya, sai wani dattijo ya kunno kai da amalanken jaki zai tsallaka. Na gan shi tun daga nesa, da sauran fili. Na ce wa ƙafata ta tashi daga totur ta koma birki, ta ƙi. Ina kallonta, tana nan kamar ta wani. Da hannu na cafki gwiwata na ɗaga ta na jefa a kan birki, na danna da duk nauyin jikina ina salati. Motar ta tsaya saura taku biyu tsakaninta da amalanken. Dattijon ya ɗaga mini hannu yana faɗa, yana da gaskiya, ni kuwa na kifa kai a sitiyari. Duk mai hankali daga nan likita zai wuce. Ni na kai lodin, na dawo, na ce wa mai mota ina son hutun mako guda saboda sha'anin gida, ranar Juma'a kuma na hau motar haya na nufi ƙauyen Baba, ina shirya yadda zan ce da sauƙi.

Bazara ce, rana ta take, ƙasa ta yi zafin da ko akuya neman inuwa take. Na cire takalmi a bakin darni kamar yadda na saba, na tako a hankali ina jan ƙafa, ina ƙoƙarin kada a gane. Ban ji zafin rairayin ba, kuma ban ma lura cewa ban ji ba. Na durƙusa da ƙyar na gaishe shi. Ranar mutum biyu ne kawai a zauren, sai ya sallame su ya ce su dawo bayan la'asar, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Da suka fita ya ce in miƙo ƙafar dama. Na miƙa. Ƙayar aduwa ce, doguwa, ta shige diddigena kusan rabi, ga ɗigon jini ya biyo ni tun daga ƙofa har bakin tabarma. Ya zare ta, ina kallo, ban ji komai ba. Ya riƙe ta a hannu yana juyawa, ya ce yaushe na taka? Na ce yanzun nan ne, na ji ta, ban so in tsaya cirewa ba ne yana jirana.

Ya ce in juya fuskata wajen bango. Na juya. Can sai na ji ya ce yana tsikarar tafin ƙafata da ƙayar, ina ji? Na ce ina ji. Ya ce a ina? Na ce wajen babban yatsa. Sannan ya ce in juyo. Yana zaune nesa da ni, hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa, ƙayar tana ajiye a ƙasa. Ya ce bai taɓa ni ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na ji ana faɗa tun ina yaro, ranar na ga ƙarshen nawa. Karo na farko tun da na auri ɗiyarsa na ɗaga kai na dubi idonsa, kuma ban ga fushi ba, tsoro na gani. Ya ce tun yaushe? Sai kuka ya ƙwace mini, ni ƙato uban ƴaƴa uku, na gaya masa komai, zazzaɓin da gumin da ramar da abin da ya faru a Tsarnawa. Ya ce tun zama na nawa? Na ce tun na uku. Ya dubi tafin hannayensa ya daɗe, sannan ya tashi ya ɗauko hularsa.

Shi da kansa ya kai ni. Ya tsayar da motar haya, ya sa aka kwantar da ni a kujerar baya, ya hana kowa lanƙwasa ni, ya aika a gaya wa matata ta same mu can. A likita aka ɗauki hoton ƙashin, wanda muke cewa radiyo, aka ɗebi jini, aka karɓi majina. Likitan da ya duba ni ya ɗaga hoton a haske ya daɗe, sannan ya tambaya ko akwai wanda ke danna wurin nan. Ɗakin da mutane, ga majo, wato babban ma'aikacin jinya, ga masu jinya, ga matata da ta iso a tsaye bakin ƙofa. Na buɗe baki zan ce babu, don har a lokacin halin bai sake ni ba. Sai Baba ya miƙe tsaye ya ce shi ne, da hannunsa, kowace Juma'a wata biyar. Bai ce na yi masa ƙarya ba, bai kare kansa da komai ba. Likitan matashi ne, sa'an ɗansa, ya yi masa magana mai zafi a gaban jama'a, tsohon yana tsaye kansa a sunkuye yana cewa haka ne. Kunyar da na yi wata biyar ina cin azaba don in kare shi daga ita, ga ta na jawo masa ninkinta, kuma a kan laifin da ba nasa ba.

Tarin fuka ne. Ni da na ɗauka sai mai tari yake kamawa, ashe yana barin huhu ya shiga ƙashi. Likitan ya ce ya cinye mini gaɓa biyu na ƙashin baya, sun rufta a kan juna, shi ne ƙullutun nan, mugunya kuma ta taru tana danne lakar da ke kai saƙo ƙafafu. Na tambaye shi to me ya sa nake jin daɗi in an danna? Ya ce naman da ke kewaye da wurin ne ke ɗaurewa saboda ciwo, in an murza shi sai ya saki na kwana ɗaya ko biyu, amma ƙwayar cutar tana ciki tana cin abinta, ba ruwanta da tausa. Ya ce dannawa ba ita ta kawo cutar ba, sai dai ba ta iya fitar da ita, kuma danna ƙashin da ya riga ya rube kamar taka rufin da gara ta ci ne. Ya ce da na zo tun ina zazzaɓin farko, da magani kaɗai ya isa in koma bakin aikina. Na yi watanni a kwance a kan katako, na yi kusan shekara ina shan ƙwayoyi ba fashi. Aka duba matata da yaran, Allah ya tsare su. Ƙafar hagu ta dawo. Ta dama ta dawo rabi, har yau ja nake da sanda, kuma ba ta ƙara taka birki ba. Yanzu man juye na injin mota da ƴan kayan gyara nake sayarwa a bakin hanya, kamyoyin siminti na wucewa ta gabana, wasu direbobin su danna mini oda, wato ƙahon mota.

Duk tsawon jinyar nan Baba bai fasa zuwa ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba sai sau ɗaya, ranar da na fara tsayawa da sanda. Na ce ya yafe mini, kunyarsa ce ta hana ni faɗa. Ya ce ya yafe, amma in sani hannunsa ba shi da ido, bakin mai ciwo shi ne idonsa, ni kuwa na rufe masa ido na bar shi yana danna bayan uban jikokinsa. Ya ce shi ya ɗauki ɗiyarsa sukutum ya ba ni, ni na kasa ba shi kalma ɗaya ta gaskiya, na kuma kira abin ladabi. Ya ƙara da cewa shi ma da nasa laifin, don yatsunsa sun gaya masa ƙullutun nan ba na lahiya ba ne, amma ya fi son ya yarda da bakina saboda yana son a ce shi ya warkar da ni. Yana nan yana ɗorinsa, karaya da targaɗe, mutane na zuwa. Amma tabarmar gyaran baya ya naɗe ta, ba wanda ya sake ganin ta a shimfiɗe. Masu lodin buhu da ke samun sauƙi a kanta sun rasa, kuma na san ni na jawo musu.

Abin da ya sa na rubuto muku ke nan. Sau da yawa ina jin ana cewa wane yana zuwa gyaran baya kullum amma ga shi sai ƙara lalacewa yake, wasu su zagi mai gyaran, wasu su ce sammu ne. Ni dai abin da na gani a jikina shi ne, ba kowane ciwon baya ne gocewar ƙashi ba, kuma daɗin kwana biyu ba warkewa ba ne. In bayanka na ciwo kana zazzaɓi, ko kana rama, ko ƙafa ta fara mutuwa, to ka wuce tabarma, ka tafi inda za a leƙa cikin ƙashin. Kuma duk wanda ya ɗora hannu a jikinka don magani, ko surukinka ne, ko malaminka, ko wanda ya haife ka, in ya tambaye ka jiki ba gaisuwa yake yi ba. Kunya ado ce, ban musa ba, har gobe a bakin darni nake cire takalmi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na ɓoye nawa, na biya da ƙafa, saura kaɗan in haɗa da ran wani bawan Allah da jakinsa. Har yanzu ina zuwa gaishe da Baba ranar Juma'a. Ba na iya durƙusawa, sai ya sa a ajiye mini kujera. In ya ce yaya ƙafar, sai in ce masa ta dama tana ja, Baba, jiya ma ta hana ni sakat. Sai ya gyaɗa kai ya ce madalla, yanzu ya ji.